Ragowar Man Hannun Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuwa da mutane a wurin sai ta ce "waccan yarinyar". Ba ta goya ni a gaban jama'a ba, ba ta zaunar da ni ta yi mini kitso ba. Duk wannan aikin kakata ne, mahaifiyar Baba, wadda na tashi a ɗakinta, taku goma daga ƙofar Inna. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, ba mai ɗaukar ta ƙiyayya. Amma yaro yaro ne. Ina ganin ƙannena suna hawa cinyarta, sai in yi kamar wani abu nake nema a ƙasa.

Kullum da hantsi in ta fito daga wanka, takan zauna a bakin ƙofa da ɗan ƙoƙonta na man kaɗanya. Ta lakato, ta murza a tafi har ya narke, ta shafe ƙafa da hannu da fuska. In ta gama sai ta dubi tafin hannunta ta yi tsaki, ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, zo in goge hannuna, kada man ya tafi a banza." In je in tsaya a tsakanin gwiwoyinta in runtse ido. Ta fara daga goshi, ta gangaro kumatu, ta bi bayan kunne, ta ƙare a haɓa. Sannan ta ɗan ture ni ta ce, "Wuce." Ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum man yake yi mata yawa ba, ko me ya sa ni kaɗai ce tsumman goge hannu a gidan da yara suka cika.

Da kanta take yin man. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga, takan ce kaɗanyunsu yanzu kifaye ne ke shan inuwarsu. Saboda haka duk farkon damina wata ƙawarta Bafulatana daga wajen Falgore ke aiko mata da ƙwallon kaɗanya. Ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya a kasko, ta daka, ta yi ta kwaɓawa da ruwa har man ya taso. Yana da wani irin ƙauri na hayaƙi da ke kama zane ya kwana uku bai fita ba. Ƙamshin gidanmu ke nan, ni kuwa ban ma san yana da wari ba sai da na je makarantar kwana.

Satina na farko wata 'yar birni ta tsaya a tsakiyar ɗakin kwananmu ta toshe hanci ta ce, "Wai wace ce ta zo mana da murhun gidansu?" Aka kwashe da dariya. Ni mutum ce mai zuciya tun ina ƙarama, a ranar na jefa ƙoƙon da aka sa mini a akwati cikin bola. Da muka zo hutu Inna ta kira ni kamar kullum, sai na tsaya daga nesa na ce, "Ni fa na daina shafa wannan abin, wari yake yi." Ta dubi hannunta, ta goge a gefen zanenta, ta shige ɗaki. Daga ranar ba ta sake kirana ba, ni kuma a lokacin gani nake na waye.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina yaƙi da maiƙo. Fuskata mai fitar da maiƙo ce, ga kuraje, sai na ɗauka duk wani abu mai suna mai abokin gabana ne. Na kama aiki a wani ofis a Kano, na cika gaban madubi da sabulun magani da wani ruwan goge fuska mai zafi da ke sa ido hawaye. In wanke fuska ta bushe ƙamas kamar bayan ƙwarya, kafin azahar maiƙon ya dawo ninki biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma girman kai bai bar ni na yarda ba.

Bayan rasuwar Baba idon Inna ya soma rufewa, daga baya mantuwa ta biyo. Matar ƙanena ce ke kula da ita, Allah ya saka mata. Wata Asabar na je na durƙusa na gaishe ta, sai ta gyara zama ta ja mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, likita. An sha hanya." Ta miƙo mini hannu wai in yi mata allura. Na ce, "Inna, ni ce fa." Ta ce, "To, to, madalla, Allah ya yi albarka," irin amsar da ake yi wa baƙo don kada a ba shi kunya.

Haka muka yi wata uku. Tana gane ƙanena, tana gane matarsa, har maƙwabta tana ganewa, ni kuwa likita. Mace mai nauyin baki a gabana, sai ga ta tana yi mini hira. Rannan ta lissafa mini 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da ta zo kaina sai ta rage murya ta ce, "Akwai kuma waccan ta birni. Ba ta son mai, na san fuskarta na nan a bushe." Na fito tsakar gida na yi kuka har na gode Allah. Tsorona ɗaya ne, kada ta tafi tana zaton ban taɓa zuwa duba ta ba.

Matar ƙanena ta biyo ni da ruwa a kofi. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yanzu ba da ido take gane mu ba, da hanci ne. Ke kuma wallahi warin asibiti kike yi." Na harare ta, don gaskiya ɗaci gare ta. Amma a mota ina ta shinshina mayafina.

Na je wani kantin kayan kwalliya a Kano. Yarinyar da ke sayarwa ta yi mini lacca, wai yanzu an gano fuska mai maiƙo mai take so, in ka busar da ita ƙara fitarwa take yi. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai matsewa ɗigo-ɗigo. Na juya bayanta na karanta, sai ga kaɗanya a kan gaba. Dariya ta kama ni a tsakiyar kanti. Na sayi kwalbar, na koma na kwashe tarkacen wanke fuskata na zubar, na yi sati biyu ina shafa ɗigo uku safe da yamma, fuskar kuwa ta lafa. Na tafi gida da ƙwarin gwiwa. Inna ta ce, "Likita, yau ba allurar?" Ashe masu kwalba sun tace man sun cire masa ƙaurin, wai don irina.

Asabar ta gaba na hau mota na ratsa dajin Falgore har Doguwa. A gefen kasuwa na sami wata tsohuwa da ƙwaryarta, man a dunƙule, launinsa bai yi fari ba. Na lakato na kai hanci, sai na ga bakin ƙofar Inna da rana a kan gwiwoyinta. Tsohuwar ta ga hawaye a idona ta ce, "'Yata, lafiya? Ai ba barkono ba ne." Na saya har da ɗan ƙoƙo. Sati guda ina shafawa, a ofis wata ta tambaya ko an ƙona wani abu ne, na ce mata e, ni ce.

Da Asabar ta zagayo na isa gida da hantsi, an yi wa Inna wanka an zaunar da ita a bakin ƙofa. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Ina kwana, Inna?" Ta buɗe baki ta ce, "Sannu da..." sai ta tsaya. Na ga hancinta ya motsa. Ta saki mayafin da ta fara ja, ta kawar da kai wajen bango, ta ce, "Mhm." Matar ƙanena ta dube ni a tsorace, tana zaton jikin ne. Ni kuwa na san wannan kawar da kan, da shi na girma.

Na sa mata ƙoƙon a hannu. Ta lakato ta murza, ta shafe ƙafafunta da suka zama kamar kara, ta shafe hannu da fuska, har man ya ƙare tas a tafinta. Ina kallo, don yanzu ba ta san ana kallonta ba, ta mayar da yatsa cikin ƙoƙon ta lakato sabo, fiye da wanda ta shafa wa kanta. Ta murza shi ya narke. Sannan ta yi tsaki ta ce wa bango, "Ke, zo in goge hannuna."

Na matsa tsakanin gwiwoyinta da furfurata da komai. Ta fara daga goshi, ta gangaro kumatu, ta bi bayan kunne, ta tsaya a haɓa. Ta ce, "Wuce." Ban wuce ba, ita ma ba ta ɗauke hannunta ba.