Tattara Kafin Ka Tayar

Duk wanda ya koyi babur a hannun Baba Tsado na unguwar Barkin Sale ya san ba a farawa da kunna inji. Bakanike ne, Banufe, ya haura sittin, kuma a filin bayan shagonsa yake koyarwa da safe. Zai ce ka saki kulochi a hankali kamar ba ka so, ka kama birkin gaba da na baya tare. Hular kwano kuwa, in ba ka ɗaure igiyarta a haɓa ba, ado kawai ka yi. Amma kafin duk wannan sai ya zagaya, ya duƙa ya dubi tayar baya, ya ce, "Tattara." Bakin tufafinka yake nufi, amma ko gajeren wando ka sa sai ya faɗa.

Mun sha yi masa dariya a kan haka. Wata rana yana wanke hannu da fetur ya ba ni labarin. Shekara goma sha huɗu ke nan, wata Lahadi ya goya matarsa Theresa zuwa coci a Chanchaga. A wata kwana bakin gyalenta ya shiga wayoyin taya. Ya ji ta taɓa kafaɗarsa, ya ɗauka taɓin nan ne na rage gudu da ta saba, har ya tsokane ta da tsoro. Bai waiwaya ba sai da ya ji babur ya yi sauƙi. Ba ta kai asibiti da rai ba. Tun ranar bai ƙara goya kowa ba, kuma ya ce in ya zo wannan kwanar har yau yakan ji taɓin.

Bara 'yarsu Shekinah ta sami aikin koyarwa a Chanchaga, ta sayi ƙaramin babur, ta ce shi zai koya mata. Ya ƙi. Ta ce to za ta nemi ɗan acaba ya nuna mata. A kwana na uku ya miƙa mata hular kwano.

Ta yi wata guda tana zagaya fili. Amma titi ba a koyonsa a fili, dole wani ya zauna bayanta. Shi da kansa ya tattara gyalenta ya ƙulle mata a kugu, ya hau baya. Na bi su a nawa.

Da suka iso kwanar, na ga ya ɗaga hannu ya taɓa kafaɗarta. Nan take ta ba da sigina, ta gangara gefe, ta tsaya.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya. So nake in ga ko za ki tsaya."

Ya sauka, ya duƙa, ya daɗe yana duban tayar baya. Babu komai a ciki. Sannan ya koma ya hau, ya ce su tafi.