Gona Biyu, Irin Gona Ɗaya

Kakata ba ta fara tatsuniya sai hatsi ya shiga rumbu. A ƙauyenmu, gabas da Filinge, lokacin ne sanyi ke sauka, mu tara kara a tsakar gida mu hura wuta bayan magariba. Takan zauna a kan kifaffen turmi, ta miƙa ƙafafu wajen wutar. Mu shida ne jikokinta, ni ne mai yawan tambaya, shi ya sa take ce mini "mijina mai gardama".

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani manomi ne mai gona biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a kwari, kowacce mai kyau, har maƙwabta na yi masa hassada. Amma irin da ya rage masa na gona ɗaya ne. Ruwan shuka ya sauka da asuba, ƙasarmu kuwa ba ta riƙe laima fiye da kwana biyu. Dole ya zaɓa.

Abin da ke damuna shi ne ƙarshen ba ya zama ɗaya. Wata rana manomin ya hau tudu, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone. Wata rana ya gangara kwari, ruwa ya kwanta ya cinye ta.

"Kaka, shekaranjiya tudu kika ce ya tafi!"

"Shekaranjiya ke nan. Yau kwari shika so. Kai ka riƙe mai ƙwaryar iri?"

"To wanne ne na gaskiya?"

"Mi ya kai ka? Gusa can, mijin banza, ka tare min wuta."

Sau ɗaya kawai na ji ta bar shi ya yi girbi. Rumbunsa ya cika, amma kullum da la'asar sai ya tafi gonar da bai shuka ba, ya tsaya yana kallon ciyawa. Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Yanzu a Yamai nake zaune. Bana 'yata Ramatu ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, jami'o'i biyu da ba kowa suke ɗauka ba suka ba ta wuri. Ɗaya a Dakar, karatun likita. Ɗaya a Maroko, injiniyan ruwa. An ba ta zuwa Juma'a ta amsa, wadda ta bari kuma ta barta ke nan.

Na yi abin da na iya, wato tambaya. Na kira duk wanda na san ɗansa ya yi ɗayan karatun biyu. Ɗan wani abokina na Damana ya gama likita, yana aiki a Faransa. 'Yar wani malami daga Bonkuku ta gama injiniya, tana Kanada. Ban sami wanda ya dawo ba. Ramatu tana jina ina waya, ranar Laraba ta ce:

"Baba, ba ka tambayi kowa wacce ta fi koyarwa ba. Wadda za ta maido ni kake nema."

Ban musa ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar na koyar da dabarar gane gona mai kyau. Da na girma na ce jinkiri take hanawa. Sai a makon nan na tuna cewa Kaka ta haifi maza huɗu, uku sun tafi neman arziki Abijan da Kumasi, dukansu sun samu, babu wanda ya dawo ya binne ta. Ashe ba zancen manomin take yi ba. Ta san yadda ake ji in kai ne wurin da ba a zaɓa ba. Ni ma shekara shida rabona da ƙauyen, tun da hanya ta daina biyuwa da kwanciyar hankali, kuma kafin nan ma ba zuwa nake yi ba. Ba ni da bakin da zan ce wa Ramatu ta dawo inda ni ban koma ba.

Ranar Alhamis ta kawo mini takardar Dakar. Na tambaye ta dalili.

"Ta fi kusa, Baba. In wani abu ya same ka, zan iya isowa a yini ɗaya."

Na sa hannu, na ce ta je ta gaya wa uwarta.