Ranar da Ƙarfe Ya Yanke Waldarsa

A layin masu walda Ƙarfe ake ce masa, don abin da ya haɗa ba ya rabuwa. Ƙofa, gado, baro, duk ɗaya. Tun yana saurayi bai taɓa yanke waldar hannunsa ba, kuma yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Sai 'yarsa ta fari ta kawo masa aiki. Ita da abokan karatunta suna ƙera motar tsere mai aiki da hasken rana, ita ce direba. Shi zai haɗa ƙarafan jikin motar.

Masu gasar kuwa ba sa tsayawa kan magana ɗaya. Yau taya uku, gobe huɗu, jibi a rage faɗin farantan sola.

"Baba, ka ɗan ɗiga kawai," in ji ta. "Kar ka kashe walda sai sun gama sauye-sauyensu."

"Ɗigo aikin rago ne."

Ya lanƙwasa baka, wato ƙarfen da ke kare kan direba in mota ta kife, ya bi shi da wuta ciki da waje. Wajen awo ma bai kira ta ba. A jikin ƙyauren shagon akwai zanen ƙusa da yake auna tsawonta tun tana ƙarama. Na can sama ya duba, ya yi lissafinsa.

Sai ga sabuwar doka: tsakanin hular kwano da baka, dole tafin hannu ya shige. Ta sa hula ta zauna. Ƙwal!

"Ke, yaushe kika ƙara tsawo?"

"Baba, zanen nan tun ina sakandare ne."

Aka so sauke kujera, amma batir na ƙarƙashinta. Shugaban tawagar ya sosa ƙeya, ya ce to sai dai Guntu, gajeren cikinsu, ya tuƙa. Guntu har ya fara gwada hula. Ita kuwa ta cire safar hannu ta ninke, ta miƙa masa.

Ƙarfe ya dube ta, ya dubi bakan. Ya ja tsaki, ya jawo injin yanka.

"Jama'a, ku fito!" mai faci ya ƙwala daga ƙetaren titi. "Yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba!"

Layi ya cika. Waldar ta cinye faifan yanka, ta fara cin wani, gumi har cikin takalmi.

"Wane mara imani ne ya yi wannan aiki?" in ji Ƙarfe.

Da bakan ya faɗi, ya ƙara masa tsawo, ya ɗiga kawai. Ta zauna, tafin hannu ya shige har da saura. Guntu ya mayar mata da safar hannu.

Za ta fita ya tare ta a ƙyaure, ƙusa a hannu.

"Tsaya nan. Miƙe sosai. Ban da ɗage."