Allurar Mai ta Motar Ba-Gaggawa

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Ba-Gaggawa ake ce masa tun yana tuƙa manajan wani kamfanin yadi, don ko mai keke ya wuce shi ba ya ƙara totur. Cewa yake wanda ya isa da ransa shi ya riga kowa. Da manajan ya bar aiki sai ya bar masa motar, wata doguwa ruwan ƙasa mai kujerun fata. A cikinta ya kai matarsa haihuwa, a cikinta ya yi jigilar yara makaranta, a cikinta kuma ya bi gawar matar zuwa makabarta. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kam Allah ya zuba masa. In ya ce a'a, gara ka je ka roƙi bango.

Aibin motar guda ne. Allurar da ke nuna yawan mai ta kwanta tun yaran suna ƙanana, ba ta sake tashi ba. Bakanike ya yi magana har ya gaji. Ba-Gaggawa ya ce direban da sai allura ta gaya masa cikin motarsa, fasinja ne ya yi ɓatan kujera. Wata siririyar sanda yake ajiyewa a but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar. Kullum da safe ya buɗe murfin tanki, ya zura ta, ya zaro, ya duba inda ta jiƙe, shi ke nan.

Sai ido ya fara cin amanarsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, tuƙi kuma a haƙura da shi. Ya ce likita ido ya sani, bai san mota ba. Auta, 'yarsa mai koyarwa a firamare, ita kaɗai ta rage a gidan. Ta koyi tuƙi, ta yi ta lallashi har ya yarda ta riƙa kai shi asibiti. Amma a bakinsa aro ne ya ba ta, kafin idon ya washe. Awon mai kuwa bai sakar wa kowa ba.

Wata safiya ya zaro sandar, ya ɗaga ta har kusa da hanci, bai ga inda ta jiƙe ba. Maimakon ya faɗa, sai ya ce, "Akwai mai, mu tafi."

A dawowa mai ya ƙare, motar ta mutu a tsakiyar mararraba, rana na tsaka. Auta ta fita turi, shi ya matso ya kama sitiyari. Ham ta ko'ina. Wani direban bas ya leƙo ya zage ta, igiyar takalminta ta tsinke, ta ci gaba da turi ƙafa ɗaya ba takalmi. Shi kuwa ga sitiyari a hannu, amma gefen titi ya ɓace masa. Muryarta kawai yake ji daga baya tana haki.

"Baba, hagu. Ƙara hagu kaɗan."

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya yi kwanaki abinci ma sai Auta ta matsa masa. 

Ran Asabar ya ce, "Auta, ɗauko akwatin sifana."

Ya sa ta cire kan batir tukuna. Suka ɗaga shimfiɗar but, ya laluba da yatsa har ya taɓa wani zagayayyen murfi mai waya a kansa. Da hannu ya kwance nocinan, bai nemi haske ba. Ya zaro wani siririn ƙarfe mai 'yar ƙwallon tagulla a ƙarshensa. Ya yi mata bayani: ƙwallon kan mai take iyo, in mai ya sauka ta sauka, ita ke gaya wa allura. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, sai ga ƙarar ruwa a ciki.

"Kin ji? Hujewa ta yi, ta sha mai ta nutse."

"Dama ka san abin da ke damunta, Baba?"

"Tun kina rarrafe."

Ya sa ta kawo ruwan zafi a kwano. Ya danna ƙwallon ciki, ya ce zafi zai koro iska ta inda hujin yake, ita Auta ta zuba ido. Wannan aikin ba nasa ba ne yanzu, ya sani. Can ta ce ga kumfa nan ƙanana suna fita ta wajen haɗin. Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Suka tsiyaye man, suka shanya ƙwallon a rana har wari ya tafi, sannan ita ta liƙe da dalma, shi yana riƙe da filaya yana faɗa wai ta cika zubawa, ai ba miya ba ce.

Kafin su mayar, ya ɗan lanƙwasa ƙarfen da babban yatsa.

"Me ya sa, Baba?"

"Don ta riƙa tsorata ki da wuri. In ta ce mai ya ƙare, da sauran abin da zai kawo ki gida."

Suka ɗaure komai. Auta ta shiga ta murɗa makulli. Allurar ta yi rawa, ta ɗago a hankali.

"Baba, zo ka gani."

Maganar ta riga ta fita kafin ta tuna. Shi kuwa ya zo. Ya sunkuya ta taga har numfashinsa ya taɓa gilashin allurar, ya daɗe a haka. Bai ga komai ba sai duhu-duhu.

"Ina ta tsaya?"

"Ta wuce rabi kaɗan," ta ce.

Ya miƙe, ya goge hannunsa a jikin riga.

"To. Daga yau ita za ki riƙa tambaya, ba ni ba."

Ya dafa motar, ya bi jikinta da hannu ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa ya zauna. Ya ce ta kai shi su ɗan zaga gari, kuma kada ta yi gudu.