Ramin da Ban Nuna Maka Ba

Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1999, wajen ƙarfe bakwai saura na safe, Ubangiji ya kira Baba Jethro Shekari a kan hanyar Kudenda. Ni ba wanda ya kawo mini labari. Kekena na gaban nasa, tsakaninmu bai kai taku uku ba.

Baba Jethro, shekara goma sha ɗaya muka yi tare a masaƙa a Kakuri. Lokacin da na karye a ƙafa, wata biyu cur kana goya ni a kekenka daga Nasarawa zuwa bakin get ɗin masaƙa, kana mita wai na fi buhun masara nauyi. Ko sau ɗaya ba ka makara ba.

Da sojoji suka koma bariki a watan Mayu, kai ka kawo wa ƙungiyarmu ta masu keke shawarar mu taka daga Kaduna har Abuja ranar ɗaya ga Oktoba. Muka kwashe da dariya. Mutum mai shekara hamsin da biyu, ga furfura! Ka ce a da kowane shingen sojoji sai an sauke ka ka tura keke kamar ɓarawo, yanzu kana so ka gani ko talaka zai kai Abuja ba a sauke shi ba.

Haka muka fara atisaye, ni da kai. Kullum da sassafe kafin aiki mu bi ta Kudenda, mu ratsa tirelolin kamfanoni, mu kai Gonin Gora mu juyo. Doka ɗaya ka kafa mini: na baya ba ya kallon titi, hannun na gaba yake kallo. In na gaba ya ga rami, sai ya saki hannu ɗaya ya nuna ƙasa da yatsa. Wata uku kana gaba, ba ramin da ka taɓa wucewa ba ka nuna mini ba, har waɗanda na haddace.

Ran nan an kwana ana ruwa. Ka ce, "Ayuba, yau kai ne gaba. Idona na hannunka." Kaina ya kumbura. Na so ka ga gudu, na ƙanƙame kan keke da hannu biyu. Da muka iso babban ramin nan na kwanar Kudenda, ruwa ya rufe shi. Na kauce. Na ce a raina ai ka san shi, kai ka koya mini shi. Ban ɗaga hannu ba.

Na ji ƙara a bayana, sai birkin tirela. Ramin ya kayar da kai a gabanta. Kafin in jefar da keke in iso, ka riga ka tafi.

Mama Juliana, ranar jana'iza kika riƙe hannuwana a gaban coci kika ce kin gode Allah da mijinki bai mutu shi kaɗai ba. Kowa na zagin direba, ana zagin titi, ni kuwa na yi shiru ana yi mini sannu. Wallahi shirun nan ya hana ni ci, ya hana ni salama. Shi ya sa na rubuta a fili: mijinki ya bi dokarsa, ni na karya ta. In kin ga dama ki yafe mini, in kin kasa ba zan ga laifinki ba.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, Baba Jethro, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Mama Juliana da 'yarku Naomi, da dangi, da abokan aiki na Kakuri. Ya zama uban gidan nan.

Jiya na sake bin hanyar. Ramin yana nan yadda yake. Da na iso, hannuna ya sauka da kansa ya nuna shi, babu kowa a bayana.

Ayuba Godwin,
Nasarawa, Kaduna.