Na'urar Jitata a Ƙarƙashin Ƙafar Malam

Shekara ashirin da ɗoriya ina zargin rijiyar gidanmu ta Hunkuyi da laifin da ba ta yi ba. Duk zuwan da na yi sai na leƙa ta, na yi ƙwafa, na wuce.

Lokacin da nake karatu a Zariya ne ciwon kaɗa jita ya kama ni, har na sayi wata baƙar na'ura ta hannu, wadda ake jona wa jita a riƙa takawa. Maɓallanta huɗu, da feda guda irin ta keken ɗinki. Ka taka nan jita ta yi gurnani, ka taka can ta yi amsa-kuwwa kamar ka zura kai a rumbu. Na zo da ita gida hutu, rawar kai ta sa na kunna ta daidai lokacin da mahaifina ke ba manyan ɗalibansa karatun fiƙihu a zaure. Malam bai ɗaga murya ba. Ya shigo, ya zare wayoyin, ya saƙala na'urar a hammata ya fita. Inna ta ce ta ga ya nufi rijiya. Tun ranar ban sake taɓa tsirkiya a inda zai ji ba, kuma abin ya daɗe yana ci na. So nake ko sau ɗaya ya saurare ni ba tare da ya ji kunyar haihuwata ba.

Bara, bayan an gama saran rake, na taso daga Makarfi inda nake koyarwa na je gaishe shi. Na durƙusa muna ta gaisuwa, ina iyali, ina ɗalibai, yaya hanya, sai na ji wani abu yana ƙara ƙi-ƙi a ƙarƙashin babbar rigarsa. Ƙafarsa ta dama, mai sanyin ƙashi, tana sama tana ƙasa. Ya gyara zama, sai ga fedata.

Na manta a gaban wa nake. "Allah gafarta Malam, wannan ai tawa ce!"

"A da," in ji shi. "Likita ya ce in riƙa motsa idon sawu. Na duba gidan nan kaf, ba abin da ya kai ta daɗin takawa."

Ashe ranar nan wuce rijiyar ya yi, ya kai ta ɗakin littattafai ya naɗe da buzu. Na roƙe shi ya ba ni aronta in gwada. Ya ce ba inda za ta, magani ba ya yawo; in gwaji nake so, ga zaure.

Ban san yadda na isa Makarfi ba. Na dai san na bar hulata a Hunkuyi, kuma ni da furfurata ina ta washe baki a kan babur, har wani mai tallar mazarƙwaila ya tambaye ni ko haihuwa aka yi min. Na zaro jita daga bayan kwaba, na ɗauki ƙaramar lasifika, matata na tambaya ko lafiya, na ce lafiyar ce ta yi yawa. Wayar da ke ba na'urar wuta ta daɗe da ɓata, don haka mai gyaran rediyo ya zazzage buhun tsofaffin caja sai da muka sami mai bakin da ya dace.

Bayan La'asar na dawo Hunkuyi, na jona komai a zaure. Na danna. Shiru. Na hura mata iska, na ɗan mare ta, kamar yadda ake wa kowace na'ura a ƙasar nan. Sai jar lamba ta kawo, tar! Na yi wani ihu da bai dace da uban 'ya'ya biyar ba. Inna ta leƙo riƙe da muciya.

A nan murna ta koma tsoro. Malam na zaune yana kallona. Na kaɗa a hankali, abin da ba zai tsorata ko kaza ba. Shi kuwa ƙafar ta riga ta saba, ta taka feda da kanta. Jita ta ce "waaw!"

"A'uzubillahi!" Ya janye ƙafa. Ya dubi fedar, ya dube ni. Can ya sake takawa. Waaw. Ya ƙara, da sauri wannan karon. Ina kaɗawa yana takawa, yana dariya har rawaninsa ya karkace, ni kuma ina dariyar da hawaye. Inna ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, ta koma kan tuwonta.

Da na naɗe wayoyina, ya ja na'urar da ƙafa ya mayar ƙarƙashin riga, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba. Na yi sallama, har na sa takalmi ya kira ni.

"Ran Juma'a ka dawo da abin naka. Ƙafar ta fi motsi in kana kaɗawa."