Jirgin mutum shida da lissafin Kawu Ilu

"Wai su nawa ne a ciki?" in ji Kawu Ilu, yana leƙen salulata.

Jiya ne bayan la'asar, a ƙauyenmu kusa da Dogo-Dogo. Ina kallon fim irin na tafiya tsakanin taurari. Jirgin ya kai garin Magarya girma, ma'aikatansa shida.

Na gyara zama, na soma nuna ilimi. Na ce a tsofaffin labarai jirgi kamar wannan yakan ɗauki mutum dubu, har da masu shara da likita. Yanzu marubuta sun rage su, ordinatar, wato kwamfuta, ke tuƙi, ita ke gyara, ita ke dafa abinci.

Ya ce, "To in ɗaya ya mutu fa?"

"Sai su sa shi a akwati, su harba shi cikin sarari."

"Ba wanka, ba salla? Kai Sani, waɗannan marayu ne."

Na yi dariya, shi bai yi ba. 'Ya'yansa uku suna ci-rani, shekara ta biyar ke nan. Sun aiko da famfo mai aiki da hasken rana, ya huta da jan guga.

"Famfon bai taɓa ƙin aiki ba," in ji shi. "Amma ran da maƙwabcina ya rasu, mu huɗu muka ɗauki makara, kuma ni ne yaron cikinsu. Masu ɗaukar tawa makarar nake lissafi, ina ganin uku suka rage."

Na karanta littattafai da yawa kan jiragen nan, ban ga marubucin da ya ƙirga masu ɗaukar makara ba. Ku a garinku, mutum nawa suka rage?